Mutumin da Ya Daskarar da Giyarsa

An yi wani mutum a ƙauyen nan namu na bakin kogin Mosel. Ba zan kama suna ba, ko da yake ga tsofaffin bencin baya can sun fara gyaɗa kai.

Shi da ƙaninsa Ottmar suka gaji gonar inabi, aka raba musu biyu. Shi yakan tsinke nasa tun Oktoba ya huta. Ottmar kuwa sai ya bar wasu layuka, tsuntsaye na ci, wasu na ruɓewa, yana jiran sanyin da zai mai da 'ya'yan kamar tsakuwa. Ranar da sanyin ya sauka, a tsinke a matse tun suna daskare. Ruwan ya tsaya a baya ya zama ƙanƙara, zaƙin kaɗai ke ɗigowa. Da shi ake giyar ƙanƙara, ga zaƙi, ga sauƙin kai.

Shekara uku a jere giyar Ottmar ce ta zo ta ɗaya a bikin ɗanɗano na ƙauye. Baƙi suka riƙa zuwa tun daga birnin Trier. Abin haushin, ƙofar yayan ce ta farko a hanya, ita suke ƙwanƙwasawa su ce, "Don Allah, ina gidan Ottmar?"

Kada ku yi masa dariya da wuri. Shekarata talatin ina wa'azi a cocin nan, amma duk Lahadin da na ga motoci sun cika ƙofar cocin ƙetaren kogi, nakan tsaya ina ƙirga su cikin jin haushi. Na san ciwon nan sarai.

Mutumin ya hana a ambaci sunan ƙaninsa a gidansa. Da Janairu ya zo da sanyi mai tsanani, sai ya mirgino gangunansa shida, giyar shekara guda cur, ya jera su a tsakar gida.

Matarsa Gudrun ta ce, "Baban Anke, lafiyarka kuwa? Abincinmu ne fa ka shanya a waje."

Ya ce, "Ƙanƙara dai ce, ko shi kaɗai aka saukar wa? Koma ciki."

Ya 'yan'uwa, giya ba ta daskarewa gaba ɗaya. Ruwan cikinta ke fara kamawa, barasar kuwa ta ƙi, ta taru a tsakiya. Kwana tara gangunan suna waje. Biyu suka kumbura suka fashe. Sauran ya huda su, ya tsiyaye abin da bai daskare ba, ya zubar da ƙanƙarar a kwata. Abin da ya tsira bai cika ganga biyu ba. Ya zuba masa sukari, ya ɗura a siraran kwalabe, ya manna takarda mai cewa giyar ƙanƙara ce.

Ranar biki ya sa rigar Lahadi, ya ajiye kwalbarsa daf da ta Ottmar. Tsohuwa Hiltrud, wadda harshenta ke yanke hukunci tun muna samari, ta kurɓa. Ta yi tari har da hawaye.

Ta ce, "Kai, ɗan nan, wannan ta sha ce ko ta kunna murhu?"

Aka kwashe da dariya. Ma'aikacin hukuma da ke wurin bai yi dariya ba. Ya ɗebi kaɗan ya tafi da shi, aka auna, ƙarfinta ya ninka na giyar ƙanƙara. Wanda ya daskarar da inabi zaƙi yake tarawa, wanda ya daskarar da giya maye yake tarawa. Manomi ɗan manomi bai san wannan ba? Ya sani. Hassada ce ta ce masa ba wanda zai gane.

Aka tuttular da kwalaben a gabansa. Ƙungiyar manoma ta cire sunansa, masu saye suka ɗauke ƙafa. Kafin kaka ta zagayo, gonar da mahaifinsa ya bar masa ta koma hannun wani baƙo.

Ranar da suke kwashe kaya Ottmar ya zo, ya tsaya a ƙofa riƙe da hularsa.

Ya ce, "Yaya, layi biyu na inabin ƙanƙara na bar maka a gonata waccan shekarar, na ɗaura musu jan ƙyalle. Sau uku ina aiko Gudrun ta faɗa maka."

Mutumin ya juya ya dubi matarsa. Ta ce, "Duk na buɗe baki da sunansa sai ka buga tebur."

Ottmar bai taɓa layukan ba, yana jiran mai su, har inabin ya ruɓe a jikin kurangar.

To, wa ya cuce shi? Ba sanyi ba ne, ba hukuma ba ce. Abin da ya yi asarar komai a kai nasa ne tun farko, baƙin cikin alherin ɗan'uwansa ya toshe masa kunne. Kai da ke zaune nan, sunan wa ka hana a ambata a gidanka? Ka tashi daga nan ka je ka ƙwanƙwasa masa ƙofa tun yana da abin faɗa maka.

Allah ya kiyaye mu daga zuciyar da ke ciwo don ɗan'uwa ya samu. Wanda ta riga ta kama, har da mai wa'azin nan, Allah ya warkar da shi. Amin.