Hannun Madugu Arzika

A wani zamani da ya daɗe da shuɗewa, a wata ƙasa da sunanta ya ɓace wa masu ba da labari, an yi wani sarki ana kiransa Jatau. Tsufa ya cim masa, mulki ya gundure shi. Ya gaji da shari'a, ya gaji da kirari, ko tuwo sai an lallashe shi yake kai loma. Abu guda ya rage masa a duniya: in an yi la'asar sai ya zauna gindin wata tsamiya a bayan fada, ya buga dara da abokansa na ƙuruciya. Su uku ne: Waziri Barmo, da Malam Sambo mai karantar da 'ya'yan fada, da Madugu Arzika, wanda ya ƙarar da ƙarfinsa a fatauci, yanzu ya jingine sanda.

Tun suna yara suna da wata al'ada: wanda aka cinye jiya, shi zai durƙusa yau ya haƙa guraben dara da hannunsa. To, tun ran da aka naɗa wa Jatau rawani gwiwarsa ba ta ƙara taɓa ƙasa ba, don ba a ƙara cinye shi ba. Shi kuwa, Allah sarki, ya ɗauka gwaninta ce ta zo masa tare da rawanin.

Waziri ya daɗe yana jin haushin Arzika, don shi kaɗai ke iya sa Sarki murmushi. Rannan ya faɗi gaban Sarki ya ce, "Allah ya ba ka nasara, baki na jin nauyin abin da kunne ya ji. Madugu ya ce a rumfar masu goro, wai Sarki bai iya dara ba, bar masa ake yi."

Sarki ya ɗaure fuska har fadawa suka tsargu. Can ya ce, "Yau da yamma mu buga, ni da shi. In ya cinye ni, gaskiya ya faɗa, ya zauna gidansa. In na cinye shi, ƙarya ya yi mini, gobe ya bar ƙasata."

Da saƙo ya isa wa Arzika, sai ya dubi halin da yake ciki. Ba ya ko iya miƙewa daga tabarma sai ya dafa bango, ina shi ina wata hanya kuma? Kabarin matarsa a nan yake, jikokinsa a nan suke, kuma ba abin da yake roƙon Allah sai ya mutu a ɗakinsa.

La'asar ta yi, suka hallara su huɗu, ba mai zolayar wani kamar yadda aka saba. Arzika ya durƙusa da ƙyar ya haƙa gurabe. Sarki ya ɗauki tsakuwa, Arzika ya ɗauki guntayen kara, suka kasa su a gurabe. Dokar wasan ba wuya: wanda ya jera 'ya'yansa uku, sai ya ɗauke ɗa ɗaya na abokin wasa.

Arzika ya buga da gaske, abin da ya shekara da shekaru bai yi ba. Ya jera, ya ɗauke. Ya sake jerawa, ya ɗauke. Zufa ta karyo wa Sarki a ƙarƙashin rawani, Waziri ya shiga gyara zama. Rana ta yi ja, aka kawo inda kowa na gani: kara ɗaya Arzika zai tura gurbin hagu, wasa ya ƙare.

Ya miƙa hannu ya nufi hagu. Sai hannun ya ɗan tsaya a sama, ya karkata, ya tura karan dama, ya buɗe wa Sarki hanya. Ba da nufi ya yi ba. Hannun da ya shekara yana kauce wa nasara ne ya yi abin da ya saba, kafin mai shi ya farga. Arzika ya dubi hannunsa, ya ce, "Innalillahi." Sarki ya jera, ya bi sauran 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya har ya cinye.

Waziri ya ɗaga murya, "Zaki ya yi halinsa! Madugu, sai a ɗaure kaya."

Amma Sarki bai yi murna ba. Wannan 'yar tsayawar hannu a sama, da wannan karkatawa, ya san su sarai. Ya sha ganinsu a hannun abokansa dukansu uku, yau ne kawai ya gane ma'anarsu. Ya ce, "Waziri, zauna mu taɓa kafin magariba."

Sarki ya buga wasan da ko yaro ba zai buga ba. Ya watsa 'ya'yansa, ya bar kowace ƙofa a buɗe. Waziri ya yi ta kewaye-kewaye yana neman hanyar faɗuwa, ya sha wuya ƙwarai kafin ya samu. Da aka cinye shi ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan dabara ko a mafarki ban taɓa ganinta ba!"

Sarki ya juya ga Malam Sambo. "Malam, don girman Allah, yaushe rabona da in ci wasa da ƙarfina?"

Malam ya sunkuyar da kai. "Allah ya ja zamaninka, tun kana Yarima. Mun ga nauyin da ke kanka, muka ce ko nan ka riƙa samun daɗi. Mu ma mun gaji, wallahi. Faɗuwa kullum aiki ne."

Sarki ya numfasa. Baƙin ciki ya kama shi, don ya ga ashe shekarun nan duka shi kaɗai yake zaune gindin tsamiyar. Ya sa aka mai da 'ya'yan darar farko yadda suke, ya ɗauki karan Arzika da kansa ya tura shi gurbin hagu. Ya ce, "Ga inda wasan ya ƙare. Madugu ya cinye ni, ya zauna gidansa. Kai kuwa Waziri, ka san gaskiya ya faɗa, ka kawo mini ita a matsayin ƙarya. Gobe ka je rumfar masu goro ka wanke shi. Kuma ba za ka ƙara ba ni shawara a fada ba sai ran da ka cinye ni a nan, don wanda ya ɓoye mini hannunsa a wasa, ban san abin da yake ɓoye mini a mulki ba."

Kashegari da la'asar, Sarki ya riga kowa zuwa. Ya naɗe hannun riga, ya durƙusa gwiwoyi na ƙara, ya shiga haƙa da yatsu. Abokan nan suka tsaya suna kallo. Arzika ya dogara sanda, ya leƙa aikin, ya girgiza kai.

Ya ce, "Jatau, layin nan ya karkace. Share ka sake."

Sarki ya share, ya sake.