Ɗacin da Saiwa Ke Aika wa Ganye

Dalilin da ya sa ganye ke tsuke bakinsa idan ƙasa ta bushe, daga lambun wata mata abin ya faro.

A bayan kowane ganye akwai 'yan mitsi-mitsin bakuna da ido ba ya gani. Ta nan yake shaƙar iska, ta nan kuma ruwan jikinsa ke fita. A da, bakunan nan a hangame suke dare da rana.

A zamanin akwai wata mata mai suna Tabawa, mijinta ya rasu, da lambun kabewa take ciyar da 'ya'yanta. Wata shekara damina ta ɗauke da wuri, rijiyar lambun ta ja baya. Takan yi ban ruwa da safe, kafin azahar ƙasa ta bushe ƙayau. Kabewa ta yi ta mutuwa har saura gindi ɗaya.

Tabawa ta tsuguna a gabansa ta ce, "Wai ina ruwan da nake ba ku yake zuwa?"

Saiwa ta amsa daga ƙasa, "Inna, tambayi Ganye. Ina tura masa, yana busarwa."

Ganye ya ce, "Ni da nake sama, ta yaya zan san ƙasa ta bushe? Kuma in na rufe baki, da wace iskar zan dafa mana abinci?"

Tabawa ta ce, "Ke Saiwa, me ya hana ki gaya masa?"

Saiwa ta ce, "Muryata ba ta kaiwa can."

Tabawa ta ce, "Ai ruwanki yana kaiwa. In kin ji ƙasa ta bushe, ki ɗiga ɗaci a ciki. Kai kuma da ka ɗanɗana, ka haɗe leɓɓanka."

Ganye ya ce, "Sai yaushe zan buɗe?"

"Sai ɗacin ya wuce."

Ganye bai so ba, don rufe baki yunwa ce a gare shi. Amma ya dubi 'yan'uwansa da suka bushe a kan kunya, ya yarda.

Gindin nan ya rayu. 'Ya'yansa ƙanana ne, saboda Ganye ya sha yini bai yi girki ba, amma da su ne Tabawa ta kai yaranta sabuwar damina. Sauran tsirrai suka gani, suka ɗauka.

Shi ya sa har yau, in fari ya zo, saiwa kan aika ɗacinta sama, ganye ya rufe baki. Shukar takan tsira, sai dai ba ta girma sosai.