Lomar da Shekara Ba Ta Ba Ɗanta Ba

Kwanakin nan abinci ba ya wuce mini wuya, tun ranar da zobe ya kewaye rana. Bari in fara daga tushe, yadda kakata ta ba ni.

A zamanin da, garinmu Rijiyar Barmo daji ne da duwatsu. A nan Shekara ta zauna da jama'arta, uwar maharba, mai duban gajimare ta faɗi gobe. Ɗanta na fari shi ne Barmo, mai kibiyar da ba ta dawowa banza.

Sai aka yi fari, ƙoramu suka ƙafe, namun daji suka gudu. Ana cikin haka, da tsakar rana, zobe ya kewaye rana. Shekara ta san zoben nan bakin akushin mutanen sama ne, sun sauko kan dutse cin liyafa. Tuwonsu fari fat, abin da ya zube daga ƙwaryar furarsu kuwa shi ne damina. Ba sa sauraren roƙon wanda bai sa hannu a akushinsu ba. Wanda ya je da abincin gida a cikinsa, ko loma ce, zai dawo. Wanda ya je da yunwa ya zama nasu. Ita kaɗai ta san wannan.

Barmo ya rataya bakansa, zai hau dutsen ya roƙo wa jama'a ruwa. Tuwon dusa loma guda ya rage, Shekara ta ɗauko. Ga jama'a sun taru, ga wata mai goyo, Tabawa, nononta ya ƙafe.

"Inna, ba Tabawa," in ji Barmo. "Ni can zan ci na manya."

Uwa ba ta fifita ɗan fari a gaban mutane, ko sunansa ba ta kira. Shekara ta buɗe baki, kunya ta rufe shi. Ta miƙa wa Tabawa.

"Wannan yaron, ka yi sauri," abin da ta iya faɗa ke nan.

Kafin la'asar ruwa ya sauko. Barmo bai sauko ba. Mutane na tarar ruwa, ita tana gindin dutse a durƙushe, tana kiran sunansa a karo na farko. Inda gwiwoyinta suka lotsa ƙasa, nan rijiyar take, ba ta taɓa ƙafewa ba. Har gobe in zobe ya kewaye rana, kowace uwa sai ta sa wa ɗanta loma a baki, ko yana da furfura.

To, ranar nan ɗana na fari ya ɗauki motar haya zai yi kudu, bai karya ba. Surukaina na tsakar gida, na ji nauyin tsayar da shi. Da azahar na ga zoben. Har yau wayarsa ba ta shiga.

Malam ya ce camfi ne, in yi addu'a, kuma ina yi. Amma kullum sai na rufe masa tuwo. Jama'a, in bi shi tasha tasha ina kiran sunansa, ko in zauna in jira?