Tukwanen Maraki da Gemun Waziri

An ce, kuma waɗanda suka ce ɗin sun fi ni hankali, a wani zamani an yi wani sarki mai suna Barmo a birnin Gwanki. Ni a bakin limamin unguwarmu na ji, shi kuma a wani tsohon littafi ya gani, wanda gara ta cinye gefensa. Inda gara ta ci, na cike muku da kaina.

An ce yamma da Gwanki akwai kufan wani tsohon birni, Maraki. Ganuwarsa ta zube, amma duk da haka raƙumi ba ya iya leƙa ta. Masallacinsa ba rufi, sai alƙibla a tsaye. Jikokin mutanen birnin, Marakawa, suna zaune a Gwanki, unguwarsu a bakin kasuwa, babbansu wani falke ne, Madugu Cindo.

Sarki yana da waziri, Alu Tumbi, mai farin gemu har ƙirji, wanda ba ya iya faɗin kalma bai shafa shi ba. Ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan unguwar nan, yana so ya kafa rumfuna. Wata shekara ruwa ya yi jinkiri, sai ya faɗi gaban Sarki ya ce, "Allah ya ja zamaninka, na gano abin da ya ɗaure mana sama. Na ratsa kufan Maraki a kan dokina, na ga bakin ramuka jere-jere. Nan suke jefa bayin Allah da rai. Shi ya sa azaba ta sauko musu rana ɗaya, ko takalmi ba su ɗauka ba. Ga jininsu nan a bakin kasuwarmu. A kore su, ruwa zai sauka."

Aka kira Madugu Cindo. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da kakata ta gaya mini. Maraki birnin malamai ne da fatake, tufafinsa har bayan Sahara ake kai su. Sai kogin da ke shayar da garin ya sake hanya. Aka yi ta haƙa rijiyoyi har ruwan ya koma ɗaci. Ran wata Juma'a, bayan an sallame, sarkinsu ya ce a tashi. Sai wata tsohuwa, Magajiya Gambo, ta bi gida-gida da sandarta tana cewa, 'Kada mace ta bar tukunya da ƙanzo. A goge da yashi, a ɗauraye da ɗan ruwan da ya saura, a kife. Wanda zai zo bayanmu kada ya ce ƙazamai ne suka zauna nan.' Haka aka yi, suka ja ƙyamare, suka fita a jere."

Sarki ya ce, "Labarin da daɗi, Madugu, amma kowa ka tambaya, kakarsa waliyyiya ce. Tambayata biyu ce: ramukan na mene ne, kuma yaya mutanen suka bar garin? Kufan ne zai amsa da bakinsa. In ya yi shiru, ku ɗaure kaya kafin Juma'a."

Madugu ya ce, "Na yarda, ranka ya daɗe. Amma a tambaye shi a ƙasa. Ba ya jin maganar wanda ke kan doki."

Da safe aka ɗunguma. Aka kwashe rairayin da ya cike rami ɗaya, sai ga bangonsa sumul kamar cikin tulu. Madugu ya sauka, ya kankaro ɓawon bangon, ya jiƙa da ruwan gorarsa, ya miƙo. "Waziri, babban bango, kai ka san warin jini. Murza ka shinshina mana."

Waziri ya murza a tafinsa, ya kai hanci, ya gyara murya zai yi jawabi. To, kun san hali. Hannu ya tafi gemu da kansa. Kafin ya ce "Allah ya ja", farin gemu ya koma shuɗi kamar rawanin Buzu.

Sarki ya yi dariya har dogari ya riƙe shi. "Shuni ne, Waziri! Marina ce! Ashe riguna ake jefawa da rai!"

Waziri ya ce, "To ai azabar tana nan, ranka ya daɗe."

Aka shiga wani gida, aka tone inda madafa take. Ga duwatsun murhu, ga tukwane a gefe, manya da ƙanana, kowace a kife. Sarki ya ɗaga ɗaya da hannunsa, ya shafa cikinta, fes. Ya ce a tone gidan gaba, haka. Ya zaɓi wani can ƙarshen gari da kansa, haka.

Ya juyo ya ce, "Waziri, uwargidanka, in gobara ta tashi, tana tsayawa wanke-wanke?"

"Ko ba gobara ma sai na yi magana, ranka ya daɗe."

Sarki ya mayar da tukunyar inda take, ya kife ta yadda ya same ta. Sannan ya ce, "Mutanen da ƙishi ya kora, suka ba da ruwansu na ƙarshe don kada a zage su a bayan ido, ba a korar jikokinsu daga garina."

An ce a nan bakin alƙiblar ya naɗa Cindo Sarkin Kufai, ya yi doka kada wanda ya ɗauki ko tsingaro daga Maraki. Waziri ya wanke gemu har ya gaji, ƙarshe ya kira wanzami. Ruwa kuwa ya sauka ran da Mai shi ya ga dama.

Abin da littafin ya ce a ɗauka: kada ka yanke wa matattu hukunci daga kan doki, ka sauko ka tona. Abin da ni na ƙara: yau in kin gama tuwo, ki wanke, ki kife. Ba ki san jikan da za ki fitar kunya ba.