Akwatin Tabar Mijinyawa

Akwai wata mata a unguwar Woolwich ta Landan, wajen shekarar alif ɗari tara da tamanin da tara, sunanta Hajiya Hajjo. Mijinta Alhaji Mijinyawa ɗan kasuwa ne, yana da wani akwatin katako da yake ajiye sigar, tabar nan mai kaurin yatsa da ake naɗewa da ganye. Shi da amininsa Sualihu, ɗan zangon Kumasi mai tuƙa tasi a Peckham, suka saye ta tun suna samari. Sai in abin farin ciki ya samu suke zarar ɗaya-ɗaya.

Hajjo ta tsani tabar, ta tsani Sualihu. A ganinta shi ya koya wa mijinta.

Da ciwon ƙirji ya kwantar da Alhaji, Sualihu yana Ghana wajen jinyar mahaifiyarsa. Alhaji ya kira matarsa.

"Hajiya, akwatin nan na Sualihu ne. Akwai soso a ciki, ki riƙa jiƙa shi. Kada ki kai shi kusa da hita, in ganyen ya bushe warwarewa yake. Kin ɗauka?"

"Na ɗauka, Alhaji," ta ce, don dai ya yi shiru.

Bayan rasuwarsa ko kallon soson ba ta yi ba. Ta cusa akwatin a kabad ɗin da tukunyar ruwan zafi take, ta rufe.

Da sanyi ya shigo aka kunna tukunyar don ɗumama gida, sai gidan ya fara ƙanshin Alhaji. Tana ninke kaya ta ji shi a bayanta. Tana sallame sallar la'asar ta ji kamar yanzu ya fita daga ɗakin. Ta wanke labule, ta yi turaren wuta, ta sa aka yi sauka. Ƙanshin yana nan.

Ƙawarta Luba ta ce, "Hajiya, ko dai akwai abin da ya bar miki ba ki yi ba?"

"Ni zan zauna ina shayar da abin da ya kashe mini miji? Luba, ki kiyaye ni."

Ta san daga inda ƙanshin yake fitowa. Taurin kai ne ya hana ta buɗe kabad ɗin, daga baya kuma tsoro.

Sai da aka shekara biyu Sualihu ya dawo. Ya yi gaisuwa daga bakin ƙofa, ya yi kuka kamar ranar aka yi mutuwar. Ta ɗauko akwatin ta dire masa a kan tebur.

Ya buɗe, ya ɗauki kara ɗaya a hankali. Ganyen ya tsage, ya warware a yatsunsa, cikin ya zube kamar garin kuka. Ya ɗauki na biyu, haka. Na uku, haka.

Hajjo ta ce, "Zan sa a sayo maka wata a cikin gari."

"Hajia, ni na bar sha tun ranar da na ji ya kwanta," in ji shi. "Ban zo don in kunna ba. So nake in riƙe abin da ya riƙe."

Ya shimfiɗa hankicinsa, ya tattara garin da gefen hannu, har wanda ya faɗi a kafet, ya ƙulle. Ya ɗauki akwatin ya tafi.

Ƙanshin ya bar gidan daga ranar. Luba ta ce ta sha tarar da Hajjo ta buɗe kabad ɗin ta sa kai ciki tana shaƙa. Babu komai sai ƙura da zafi.

Darasi: In an ba ka amanar da ranka ba ya so, ka ce ba za ka iya ba tun mai ita yana numfashi, ya nemi wani. In ka ce ka ɗauka, to ka riƙe ta yadda aka ce, don mamaci ba ya dawowa ya sake maka bayani. Ku tura wa duk wanda kuka san an bar wa saƙo a hannu.