Ƙaron Bayan Rumbu

Ku matso kusa, ku rage murya, ga wata nan ta zo muku.

A wani ƙauye can bayan kogi akwai wani mutum, Malam Tanimu. Sana'arsa tsaga itacen dakwara, in ƙaro ya fito ya daskare ya ɗebo ya kai kasuwa. Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya'ya uku mata, Yalwa da Tabawa da autarsu Ladidi.

Ita Ladidi akwai abin da take yi ba wanda ya sani. Duk rani in Baba ya shanya ƙaro, sai ta faki ido ta ɗauke dunƙule biyu uku ta jefa a wata tsohuwar tukunya bayan rumbu. Taunawa kawai take so. Shekara uku tana haka, ko sunanta aka kira da ƙarfi sai gabanta ya faɗi.

Ana nan da damina, gatari ya goce ya sari Baba a ƙwauri. Ga kogi ya cika ya cinye gada, asibiti sai an zagaya, kwana biyar a amalanken shanu. Kafin a samo shanun, ciwon ya fara wari, ƙudaje sun taru. Zazzaɓi ya rufe shi, ba abin da yake iya haɗiya sai ƙwan zabi.

Yalwa ta ce, "Na taɓa ganin yadda wata ungozoma ke rufe ciwo. Amma sai da ƙaro, ga shi Baba ya sayar da shi kaf tun bazara."

Ladidi ta tuna da tukunyarta. In ta fito da tukunyar, ta zama ɓarauniya a gaban Baba. In ta yi shiru, ƙafa ta tafi. Ta je bayan rumbu ta dawo, ta sake zuwa ta dawo. A na uku ta rungumo tukunyar ta dire.

Tabawa ta leƙa ciki ta riƙe baki. "Lallai Auta! Ashe ke ce ɓeran? Mu kuwa muka kori kyanwarmu wai ba ta aiki!"

"Yaya, don Allah ki bari."

Baba dai kallonta kawai ya yi.

Yalwa ta tafasa ruwa da gishiri ta wanke ciwon tas, Baba na ihu, ba ta tsaya ba. Ta zuba zuma, ta dama ƙaro ya yi kauri ta tsoma tsumman da ta dafa, ta lulluɓe. Ya kama fata ɗam, ƙuda bai sami ƙofa ba. Kullum a hanya sai ta sake sabo.

Ita kuwa Tabawa ta san ƙwai ba ya kwana biyar a wannan zafi da laima. Ta bi gida gida ta roƙo ƙwan zabi, ta dama ƙaro ruwa-ruwa, ta tsoma su ɗaya bayan ɗaya ta shanya a faifai. Har suka isa asibiti, ko ɗaya bai yi bara-gurbi ba. Shi ta riƙa dafa wa Baba, shi ya riƙe shi.

Likita ya buɗe ciwon ya duba ya ce, "Wa ya yi wannan dabara? Da a buɗe kuka kawo ƙafar nan, da yanzu mun yanke."

Ladidi ta zame ƙasa a bakin ƙofa, ta yi kuka har da majina, tana kuka tana dariya.

Baba ya koma gida da ƙafarsa yana takawa. Ya ce gonar dakwararsa guda ce, kuma zai bar wa wadda ta cece shi kula da ita. Yalwa ce ta san aikin ciwo. Tabawa ce ta hana yunwa kashe shi a hanya. Ladidi kuwa sata ta yi, wannan ba musu, amma ita ta tona kanta ba wanda ya kama ta.

To ku fa, da ku ne Malam Tanimu, hannun wa za ku danƙa wa gonar nan?