Gicciyen da Aka Kafa a Gonar Gwauruwa

Akwai wata gwauruwa a wani ƙauye, mijinta ya mutu ya bar mata 'ya'ya ƙanana da gona guda. Gonar ba ta da girma, amma gefenta na gabas jigawa ce mai kyau, daga nan take samun dawar da ke kai su kaka. Tsakaninta da maƙwabcinta akwai layin gamba, wadda iyayensu suka shuka don ta nuna iyaka.

Maƙwabcin nan babban manomi ne, ba ya fashin sujada a majami'a, in ana waƙa muryarsa ce a sama. Amma idonsa ya daɗe a kan jigawar nan. Da bazara ta yi, sai ya tashi ya tumɓuke gambar, ya sassaƙa gicciye na itace mai tsayi, ya shiga can cikin gonar gwauruwar ya kafa shi. Ya san mutanensa sarai. A ƙauyen nan ana iya faɗa a kan dutse ko kututture, amma babu mai ƙarfin halin sa hannu ya cire gicciye.

Da matar ta zo sharar gona, sai ta ga gicciyen. Ta tafi wurin dattawan ikilisiya ta faɗa musu. Suka dubi juna, suka dubi ƙasa. Babbansu ya ce, "'Yata, gicciye ne fa. Wa zai taɓa shi? Ki yi haƙuri, ki bar wa Allah."

Haƙuri! Kullum mai ƙaramin ƙarfi ake ba wannan shawara. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya tambaye ta abin da yaran za su ci.

Ruwa ya sauka, maƙwabcin ya shuka dawarsa har gindin gicciyen. Kowace safiya tana wucewa ta wurin, tana ganin alamar da aka yi mata baftisma a ƙarƙashinta, alamar da ke kan kabarin mijinta, ta zama mai gadin ɓarawo. Wannan ya fi ƙona mata rai fiye da gonar.

Ran wata Lahadi da safe ta ɗaura ɗamara, ta tafi gonar, ta girgiza gicciyen har ya fito. Ta saɓa shi a kafaɗa, ta shiga da shi majami'a ana tsakiyar waƙa, ƙasa tana zuba daga gindinsa. Waƙa ta tsaya. Ta kai shi gaba ta jingine.

Maƙwabcin ya yi tsalle ya miƙe. "Kun gani? Ta tumɓuke gicciyen Ubangiji! Ni na kafa shi don ya sa wa gonakinmu albarka!"

Ta juyo ta dube shi. "In albarka ce, don me ba ka kafa ta a taka gonar ba? Gicciye a gefena, dawa a rumbunka?" Sa'an nan ta fuskanci dattawa. "Baba, kun ce ba a taɓa shi. Lokacin da aka sa shi aikin sata, ba taɓa shi aka yi ba? Ga shi na dawo da shi gida."

Babban dattijon ya sunkuyar da kai, ya ce a mayar da iyaka inda take a da, dawar da aka shuka a wurin kuma ta gwauruwar ce. Maƙwabcin ya fita da fushi bai jira addu'ar rufewa ba.

To, ga ma'anar wannan misali, ku ji da kyau. Gicciye, da ruwan baftisma, da gurasa da ƙoƙon jibin Ubangiji, an ba mu su don su tuna mana da Wanda ya ba da kansa saboda marasa ƙarfi. Itacen kansa ba ya ceto, ba laya ba ne, kuma ba katanga ba ce da mugu zai ɓuya a bayanta. Manomin nan shi ne duk wanda ya rataya gicciye a wuya, ko ya manna shi a ƙofar shago, don mutane su sake jiki ya cuce su. Dattawan nan kuwa mu ne, mu da muke tsoron itace amma ba ma tsoron hawayen gwauruwa. Abin kunya ne, kuma Allah yana fushi da shi.

Yau in ka koma gida, ka dubi gicciyen da ke bangon ɗakinka. Ka tambayi kanka ko akwai wanda yake kuka a bayansa. In akwai, kada ka dawo nan ka ɗaga murya da waƙa sai ka mayar masa da abinsa.